Hoton Barewa da Hannun Inna

Dakoro, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Abdurrazak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Mas'uda da ɗiyarmu Nana. Allah Ya kare ku daga sanyin Beljik, Ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, gonar Baba ta Ɗan Gulbi ta ba da dami sittin da uku, gyaɗa ce dai ba ta yi ba don ruwa ya ɗauke da wuri. Bilki matar ɗan'uwanmu Zakariya'u ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan marigayi Baba. Inna tana cin tuwonta, tana faɗanta yadda ka san ta. Idon ne kawai, kuma zan zo kansa.

Na zaɓi takarda ne saboda na san halinka a salula: da zarar magana ta zo inda ba ka so, sai ka ce layi ba kyau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Abdurrazak. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Ka kira ka ce abokinka Abdulrauf zai zo daga Yamai ranar Talata, a shirya, zai ɗauki hoto don takardun jirgi. Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Shekara huɗu kana ce wa Inna kana neman mata takardu ta je ta ga Nana, jikar da aka haifa can, wadda ba ta taɓa ɗauka ba. To, me kake so ta zata? Tun Litinin ta sa aka ƙunsa mata lalle. Ranar Talata ta fito da atamfar da Baba ya sayo mata a Maraɗi, ta zizara kwalli a idon da da ƙyar yake gani, ta sa na dama fura da nono mai kyau, ta zauna bisa kujera tun hantsi don kada zanen ya yamutse.

Abdulrauf ya iso da likitan dabbobi da wani ƙaton keji na roba mai ƙofar ƙarfe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha fura, sannan ya tambaya ina Barewa, karyar Baba. Muna tsaye suka shiga awon ta da igiyar awo, daga hanci zuwa gindin wutsiya, daga ƙasa zuwa kunne, wai masu jirgi ba sa karɓar kare sai in yana iya miƙewa ya juya cikin kejinsa. Suka yi mata allurar haukan kare, suka cusa mata wani abu kamar ƙwayar shinkafa a fatar wuya, wai lambarta ce. Da aka zo hoto ta ƙi tsayawa, don ka san tun rasuwar Baba ba ta jin maganar kowa sai Inna. Sai Abdulrauf ya roƙi Inna ta riƙe igiyar, kuma ta ɗan matsa gefe don kada ta fito a hoton. Ta riƙe, ta matsa. Da suka gama ta shiga ɗaki, ta ninke atamfarta ta mayar akwati, ta kwanta har la'asar.

Ni ce na buɗe baki, kuma ban rage wa Abdulrauf, bawan Allah, komai ba, alhali ba laifinsa ba ne. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Shi ya faɗa mini wai Nana ta ga irin karnukan nan masu dogayen ƙafafu a wajen wata maƙwabciyarku, aka ce mata daga ƙasar ubanta suke, ta nace tana so, kai kuma ka ce akwai a gidanku. Ya ce bayan wata guda za su dawo ɗibar jini a kai waje a auna, a jira wata uku, sannan a yanka mata biye, wato tikiti, ta hau jirgi daga Yamai a ɗakin kaya.

Ashe dai ka iya neman takardu! Ashe ka san ofis-ofis, ka san wanda za ka aika, ka san ranar da komai zai fito! Cikin wata huɗu karya za ta samu abin da uwarka ta kasa samu a shekara huɗu. Na yarda bizar mutum ta fi wuya, ba na musu. Amma jirgin da zai kai Barewa can, ba ya dawowa nan ne? Kai da Nana wace biza kuke jira kafin ku zo gidan ubanku? Kana so yarinya ta san ƙasar ubanta, sai ka aika mata kare cikin akwati. Ka taɓa tunanin dabbar da ta saba tsere da zomo a dajin Tagriss za a kulle ta a bene, ana fita da ita da igiya sau biyu a wuni? Kuma ka taɓa tambaya me take yi a gidan nan? Ita ke shiga gaban Inna in za ta gidan Bilki, Inna na bin farin jikinta, tana tafe tana zagin ta. In ka ɗauke ta, Inna ta daina fita.

Ranar kasuwa Agali ya zo, aminin Baba na Tagriss, wanda ya ba shi Barewa tun tana 'yar kwikwiya. Ya ga kejin a zaure, ya zagaya shi, ya leƙa ciki, na gaya masa komai. Ya gyara rawaninsa. Sannan ya ce a wajensu irin karen nan ba a sayar da shi, ba a kuma aika shi kamar buhun gero, hannu da hannu ake bayarwa ga wanda aka yarda da shi. Ya ce Barewa ta marigayi ce, yanzu ta matarsa ce, in gidan ya gaji da ita a mayar masa. Amma ya ce Nana jinin amininsa ce, ba zai hana ta ba: yana da 'yan kwikwiyo a rugarsa, ta zo da ƙafarta, wanda ya bi ta shi ne nata. Ni ma a nan na tsaya. Ka gaya wa Abdulrauf kada ya wahalar da motarsa, ba mai ɗibar jinin Barewa. Kejin kuwa kazar Bilki ta riga ta fara ƙwai a ciki.

Yanzu maganar ido. Mun kai Inna Maraɗi watan jiya. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sa, magani jinkirtawa kawai yake yi. Da na matsa masa, ya ce kada mu dogara da ya kai damina mai zuwa. Inna ce ta hana a gaya maka, wai kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Na karya maganarta yau, Allah Ya yafe mini. Zumunci a ƙafa yake, ƙanena. Hutun lakwal, wato makarantar Nana, yana tafe, ka kawo ta tun Inna tana iya bambance fuskarta da ta wani.

Ka gaida Mas'uda da kyau, ka ce ban sa ta cikin faɗan nan ba. Ka shafa mini kan Nana. Zakariya'u da Bilki suna gaisuwa, Kawu Samba yana gaisuwa, Agali ma ya ce a gaishe ka. Inna ta ce Allah Ya yi maka albarka, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na sa maka hoton cikin ambulan, Abdulrauf ya bar mana guda. Barewa ta fito da kyau. Ka duba gefen dama, wajen igiya, za ka ga yatsu huɗu da sabon lalle. Ka nuna wa Nana, ka ce mata hannun kakarta ne, kuma don ita aka ƙunsa shi.

Wassalam. Ni ce yayarka da ke fushi da kai, take kuma yi maka addu'a,

Hamdiya