Ni Na Kashe Ungulayen da 'Yata Take Nema

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, masu karatu kuma ku ji ni tukuna kafin ku yi mini hukunci.

Ni mahauci ne a Zongon Wagadugu, furfura ta riga ta cinye mini kai. Da can ungulu ta fi kaji yawa a unguwarmu, har kan rufin babbar kasuwar Rood Woko. Wata shekara wani baƙo ya same ni, ya ce kawunan ungulu yake saye don haɗa magani. Wa ya san abin da ke kiran ungulu kamar mahauci? Na ja mushen jaki bayan gari, na zuba masa maganin ƙwarin auduga, na zauna a inuwa. Suka sauko ba tsoro, don sun saba cin abin hannuna. Kafin la'asar duk sun zube. Ɗaya ba ta mutu da wuri ba, tana jan fiffike tana biyo ni har wurin ɗan babur ɗina, mobilet. Abinci take tsammani? Ban sani ba. Na maimaita abin nan sau da yawa, ina jin kunyar faɗa.

Tun daga nan kullum da safe nake watsa guntun hanji bayan rumfata, karnuka ke cinyewa. Da tsakar rana nakan ji saukar ƙafafu a kan rufin kwano, in leƙa, ba komai.

'Yata, wadda nake kira Inna don sunan mahaifiyata ta ci, ta tashi tana ganin ina watsa hanjin nan. Yau ma'aikaciyar gandun daji ce, aikinta bin sheƙar ungulayen da suka rage. Shekaranjiya ta zo da kakinta ta durƙusa.

"Baba, ranar Asabar za mu tara mahauta. Kai nake so ka yi musu magana kan kashe ungulu, kai za su ji."

"Inna, me na sani ni?"

"Wa ya fi ka son tsuntsayen nan? Saboda kai na zaɓi aikin nan fa."

Wallahi ba tara nake tsoro ba, ba kurkuku ba. Idonta nake tsoro. In na yi shiru, zan tsaya gaban mutane in yi ƙarya tana gefena tana alfahari da ni. In na faɗa, da wane ido za ta sake kallon hanjin nan?

Asabar jibi ce, ta riga ta kai rigata wajen mai guga. Me zan yi?