Kafin Ka Sayar da Kekunan Ɗinkin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni ma lafiya lau, sai gajiyar aiki.

Tun ranar da muka yi waya ban samu sukuni ba. Ka ce ka samu mai sayen shagonka da kekunan ɗinki ukun, za ka yi kuɗin hanya ka biyo ni ƙasar waje. Da na ce ka dakata, sai ka ce baƙin ciki nake maka. Maganar ta yi mini ciwo, har na rubuta ta a littafina, na soke, na sake rubutawa. Amma da na duba, laifin nawa ne.

Albashin da na faɗa wa Inna shekara uku da suka wuce, wanda Goggo ta yi ta yawo da shi gida-gida, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Shi ne rubuce a takardar ɗaukar aiki, kafin haraji. Na zauna na juya shi zuwa kuɗinmu, na ga kamar na fi shugaban makarantarmu ta dā sau biyar, amma ban juya kuɗin haya da na abinci ba. Ni da kuke kira mai lissafi. Ranar albashin farko na tafi ofis da takardar albashin, na ce an yi kuskure. Wani dattijo da muke ɗaga kwalaye tare a sito ya bi ni da dariya, ya ce, “Ɗan'uwa, na saman nan na gwamnati ne, gani kawai aka ba ka. Naka yana can ƙasa.”

Ga yadda abin yake. A duk ɗari, ana cire ashirin da huɗu na haraji, da sha ɗaya na asibiti da fansho, tun kafin ya iso ni. Haya tana cin talatin, kuma ba ɗaki na kama ba, gado ne a bakin ƙofa, mu huɗu a ɗakin, kowa da layinsa a firji. Wuta da ruwa da motar zuwa aiki suna jira. Ko sabulu na saya, akwai wani harajin a jikin rasit. Aski ma da kaina nake yi a madubin banɗaki. Abin da nake aiko muku daga aikin ranar hutu yake fitowa. Kunya ce ta hana ni gyara maganar, kuna ta sa mini albarka, na rasa ta inda zan fara.

Don kada na zalunce ka, na je wurin telan layinmu, shi kaɗai ne a unguwar. Ya ce mutanen nan ba sa kai ɗinki, ɗinkakku suke saya, shi ma rage ƙafar wando da canja zif yake yi. Na lissafa maka ɗaki biyu da abincin mutum huɗu har sau uku, ko na yi kuskure. Sai ka samu ninkin albashina kafin ka zauna kamar yadda kake zaune yanzu. Wataƙila wani ya fi ni dabara, ban musa ba, amma ga takardar albashina ta watan jiya na haɗo, ka ba malamin makarantar nan maƙwabcinku ya duba.

Idan ka gani ka ce sai ka zo, zan tare ka, mu raba gadon. Roƙona ɗaya ne, ka bar keke guda a ɗakin Inna. Ni ban bar komai ba, shi ya sa har yau ban dawo ba.

Ka gaishe da Goggo da Kawu da Yaya Babba, ka shafa mini kan yara. Kada ka karanta wa Inna wannan, ni zan faɗa mata da bakina, in na samu ƙarfin hali.

Naka,
Yayanka