Ni Ne Almakashi, Kuma Ban Mutu Ba

Zuwa ga Shugaban kamfanin manhajar kallo da ya farfaɗo da shirin Rumfar Teloli,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina taya ka murnar dawo da wannan shiri da ya daɗe a kwance tun da gidan talabijin ɗin da ya fara shi ya dakatar da shi.

Sunana Haruna. Ni ne na fito a matsayin Almakashi, telan nan mai ɓata wa mutane ɗinkin Sallah, ya kuma kwaikwayi muryarsu da zarar sun juya baya. Ni ne kuma wanda kuka yi wa zaman makoki a kashin farko na sabon zangon. Daga Guangzhou nake rubuto maka, inda nake sayen tufafi a kasuwar Canaan ina tura wa 'yan kasuwa a Kano. Lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya irin na masu ɗaga dila. Na buga waya ofishinku, na tura saƙo, aka ce an miƙa wa waɗanda abin ya shafa. Shiru ya yi yawa, shi ya sa na fito fili.

1. Ba cire ni da kuka yi nake ƙorafi a kai ba. Da aka dakatar da shirin, kowannenmu ya kama gabansa. Wani ya koma koyarwa, wani ya sayi adaidaita, ni kuma na biyo wani maƙwabcinmu zuwa China. Ko da kun neme ni, da wuya in saki abin da nake yi in dawo. Mai labari yana da ikon ya yi yadda ya so da mutanen labarinsa. Da kun ce Almakashi ya tafi China neman na kansa, da ba ku ma yi ƙarya ba.

2. Yadda kuka kashe shi ne matsalar. Hoton da kuka sa ba na cikin shirin ba ne. Hotona ne na ranar ɗaurin auren ƙanena, da babbar riga, an ɗauko shi daga shafina ba tare da an tambaye ni ba. Kuka cika fuskar talabijin da shi, kuka kashe kiɗa, wata murya mai nauyi ta ce Allah ya jiƙan Almakashi, ya sa ya huta. Babu inda aka ce labari ne. Wani ya yanko wannan guntun ya sake shi a wayoyi, kuma kun fi ni sanin cewa mutanenmu ba sa raba ɗan wasa da sunan da ya fito da shi.

Manhajarku ba ta buɗewa a nan, don haka a wayar wani na fara ganin mutuwata. Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina cin tuwo a wani gidan abinci a unguwar Dengfeng sai ga Alhaji Isuhu, ɗan kasuwa daga Maraɗi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona kamar ya ga aljani, sannan ya ce, "Wallahi patron, yanzun nan na gama yi maka fatiha cikin jirgin metro." Ya nuna mini guntun a wayarsa, muka yi dariya har da hawaye, na ce ya ajiye mini ladan. Kafin in wanke hannu, ƙanwata Rabi ta kira daga gida tana kuka.

3. Maganar mahaifiyata ce ta sa na rubuto. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Da "kai" da "wannan yaron" na tashi. Da shirin ya fito, sai ta samu mafita, ta kama Almakashi ta riƙe. Da shi take kirana, da shi take yi mini faɗa, da shi take sa mini albarka. A wurinta, ranka ya daɗe, babu wani Almakashi na cikin labari. Ɗanta ne.

Yanar ido ta rufe mata gani, amma kunnenta garau yake. Maƙwabta suka shigo da salati, wata ta kunna mata guntun a waya, ta ji da kunnenta. Rabi ta yi bayani, limamin unguwa ya zo ya yi bayani. Ni ma na kira, na gaishe ta, na tambayi ƙafarta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Sani, Allah ya yi maka albarka, ka iya. Amma ka bari haka." Sani ƙanena ne, muryarmu ɗaya, kuma tun yana yaro yake kwaikwayona. Na faɗa mata abubuwan da ni da ita kaɗai muka sani, ta ce ai marigayin ba ya ɓoye wa Sani komai.

Ba rikicin tsufa ba ne, tana da hujja. Lokacin da yayanta ya rasu an ɓoye mata na ɗan lokaci saboda hawan jininta, kuma ba ta manta ba. Lissafinta shi ne, 'ya'yanta suna da dalilin yi mata ƙarya, talabijin kuwa ba shi da shi.

4. Za ka ce in hau jirgi in je ta taɓa ni da hannunta. Zan je in Allah ya yarda, amma fasfona yana wurin sabunta biza, kuma ba ni ke da ranar fitowarsa ba. Kafin nan, abinci sai an lallaɓa ta take ci. Ta yi mini sadakar uku, ta yi ta bakwai. Liman ya ƙi zama addu'ar, sai ta sa aka soya waina aka rarraba, maƙwabta suka karɓa don ba su san yadda za su mayar mata ba. Yanzu ta sa an sayo geron gumbar arba'in.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma babu kuɗi ko neman komawa wasa a ciki. Almakashi ku bar shi a kabarinsa.

A farkon kashi na gaba, ku sanar cewa Haruna da ya fito a Almakashi yana nan da ransa a China. Ku faɗa da baki, kada ku rubuta, domin mahaifiyata ba ta gani. Ku sa muryar nan da ta sanar da mutuwar, da ita kaɗai za ta yarda. Rabi za ta kara mata wayar a kunne. Ku cire hotona daga kashin farko. Nan gaba kuma, in za ku kashe wani a labari alhali mai shi yana raye, ku fara aikawa gidansu.

Rabi ta ce kullum bayan sallar asuba tana jin ta daga ɗaki tana addu'a, tana cewa Allah ka jiƙan Haruna. Da sunana na yanka. Na haura shekara arba'in ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Rabi ta ce ko ta naɗo mini a waya in ji, na ce a'a, ba na so. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma na fi son ta koma ce mini Almakashi.

Allah ya ɗaukaka shirinku, ya yi maka jagora a kan aikinka. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta, ya sa ta riƙa gane muryarka duk inda ka kira ta.

Wassalam.

Haruna,
Dengfeng, Guangzhou.