Sunan da Ya Ƙi Buɗuwa a Gida

Lahadi, 6 Nuwamba 2022
A yau ni, Abu Mazin, na ɗora tarihin zuri'armu a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina a unguwarmu Alsahafa, na yi wa shafin rajistar suna don dangi su karanta. Na rubuta sunan, ya ƙi buɗuwa. Da na rubuta lambar kwamfutar a madadin sunan kuwa, ya buɗe tsaf. Babban aiki ba ya rasa mahassada.

Litinin, 7
Maiɗakina Zuhura ta ce, "Ya Abu Mazin, a bas ɗin kasuwar Suk al-Shabi ya buɗe mini a waya." Na yi mata bayani, cikin tausayawa, cewa ilimin nan yana da zurfi. Tunda na tabbata ba mai gani, na rubuta layin gwaji a shafin farko: "Kakanmu Alhaji Ɗantsoho ya taso daga Katsina a ƙafa zai je Makka, ya ga amarya a Omdurman, hajji ya ƙare." Na yi dariya ni kaɗai.

Laraba, 9
Na kashe rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, na kunna, sau goma sha ɗaya. Shiru.

Alhamis, 10
Innalillahi. Kawu Ashafa, babban gidanmu, ya kira. Ko sallama babu: "Ya zol, kai bawan Allah, kakan namu ka rataya a kasuwa?"
Na kashe wayifai a wayata, na buɗe da data. Ga layin, ɓaro-ɓaro. Ashe rautar ce ba ta iya kai na cikin gida ga sunan. Na waje kowa na shiga. Kwana uku duniya tana karantawa, ban da marubucin.
Da ma Zuhura ta faɗa mini tun Litinin.

Juma'a, 11
Na haye gada zuwa gidan Kawu a Omdurman, na zauna ƙasa, rawanina ya yi mini nauyi. Kawu ya bar ni har shayi ya huce, sannan ya ce, "Duk mun sani, ɗana. Amaryar uwar ubana ce. Da ya wuce, wa zai haife ka ka yi mana rashin kunya?"

Asabar, 12
Na gyara: "Ya yi niyya, Allah ya tsayar da shi, mu ne ladan tsayuwar."
A gida har yanzu sunan bai buɗuwa. Na roƙi Zuhura, a matsayin bincike kawai, ta duba mini daga bas.