Kek ɗin Tsibiri da Na Bi Gida-Gida Na Karɓo

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Shekara shida da rasuwarki, amma har yau in abu ya same ni ke nake fara neman gaya wa.

Kin san ni da yawo ba ma shiri. Ɗiyata Ummi ce, takwararki, da ta gama karatun jinya, ta nace sai mun je wani tsibiri a tekun Karebiyan mun huta kwana biyar. Ita tana bakin ruwa, ni ina kasuwa, don ke kika saba mini da cewa ba a dawowa daga tafiya babu tsaraba.

Kusa da tashar jirgin ruwa shaguna ne masu sanyi, zinare da agogo da turare, wai babu haraji. Na leƙa na fito. Can cikin kasuwa mata ke saƙa huluna da kwanduna na kaba, hannunsu sak naki in kina ɗinkin faifai. Wata tsohuwa kuma ta baza citta da kanumfari a tire. Da a nan na tsaya, Inna, da na huta.

Sai na ga wani kek a wani shago cikin kwalaye masu kyau, baƙi na ta ɗiba. Na tambayi mai shagon ko da man alade a ciki, tambayar da na saba yi a ƙasar Turawan da muke zaune. Ta ce babu. Ban ɗanɗana ba saboda ciwon sugana, rubutun kuma ƙanana, ga tabarau na bari a masauki. Na sayi takwas, ɗaya na gida, bakwai na matan da muke karatun Asabar tare.

Washegarin dawowarmu na raba, daga unguwar Lanham har Silver Spring. Da gari ya waye Ummi ta ɗaga kwalin da ya rage, ta karanta, ta gaya mini da Turancinta cewa da giyar rake aka jiƙa shi. Wa zai yi zaton giya a kek?

Ke kika ce abin da aka bayar ba a waiwayarsa. Ke kuma kika ce kada in bar mutum cikin duhun abin da na sani. Na buga waya na ce kada a taɓa, sannan na bi gida-gida ina karɓa, kaina a ƙasa.

Hajiya Asabe, dattijuwar da ke ɗora mana karatu a Landover, ba ta ɗaukar waya. Na tarar ta ci rabi da shayi. Da ƙyar na iya faɗa. Ta dube ni, ta ce, "Au, shi ya sa gwiwar nan ta sake ni yau!" Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Rashin sani ne, Allah ba ya kama mu da shi. Da kin yi shiru, wa zai sani? Allah ya jiƙan wadda ta rene ki."

Ba ta taɓa ganinki ba, Inna, amma ta ɗaga hannu ta daɗe tana yi miki addu'a, ni ina amin.

Allah ya karɓa. Ya yafe mini sakacina, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Taki har kullum,
Rabi