Ƙuri'ar Mahaukaciyar Kuka

Juma'a, 11 ga Yuni, 1999, bayan isha'i.

Ni da na tsere daga firamare a aji huɗu, wai yau ni ne mai tsara wasa. Da la'asar na zana wa yarana daji da gawayi a tsakar gida. Habu maharbi, Nana mai magani, Sani maƙeri. Ni kuwa tsohuwar kuka ce da ta haukace, ta tumɓuke saiwarta tana bin mutane da duka. Murfin kwalba muke jefawa, in ya kife kuka ta kai duka.

Na ce dokar wasa, sai an ɗaure ta da sarƙa za a ci nasara.

Nana ta ce, "Baba, soja fa sun sauka. Sai an kaɗa ƙuri'a."

Na yi dariya na yarda. Su uku suka kayar da ni. Habu ya ce, "Ba mugunta ba ce, manta mu ta yi, kamar Kaka. A ba ta ruwa, a zauna inuwarta har ta huce."

Dariyar ta maƙale mini. Ashe mahaifina na zana ban sani ba, har sandar da ya kai wa maƙwabci jiya.

Gobe Yaya Lawal zai zo daga Ƙofar Guga a sa wa tsohon mari a ƙafa. Na riga na ce to. Ga tsohon can zaure yana ta kiran Inna, wadda muka binne tuntuni.

Ban san da wane baki zan gaya wa Yaya na faɗi zaɓe ba.