Rasuwar Dakta Laure Sagiru Kafin Dafga, Mai Binciken Tarin Fuka

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Waɗanda Suka Warke Daga Tarin Fuka ta Ƙaraye da Rogo ta samu labarin rasuwar uwarta kuma mai ba ta shawara, Hajiya Dakta Laure Sagiru Kafin Dafga, masaniyar garkuwar jiki, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a Kano, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara hamsin da huɗu.

Marigayiyar, wadda tarin fuka ya raba ta da mahaifinta tun tana makarantar firamare, ta ƙarar da rayuwarta kan tambaya guda: yaya jiki ke gane wannan cuta? Ita ta fahimtar da mu cewa ƙwayar cutar tana lulluɓe da maiƙo, kuma a bayan wasu ƙwayoyin garkuwar jikinmu akwai wani furotin mai suna CD1, wanda ke gutsuro maiƙon ya ɗaga shi, domin mayaƙan jini da ake kira ƙwayoyin T su gani su shaida abokin gaba. Burinta shi ne a gano sirrin wannan aiki, ko a dace da rigakafin da zai kare manya. Don haka take hawa acaɓa daga Rogo zuwa ƙauyukan Yola ta Ƙaraye tana ɗibar jininmu, tana zama tabarma ɗaya da mutanen da danginsu suka ware wa kwano.

Ba za mu manta da ranar da ta tara mu ba, bayan shekara bakwai ana wannan aiki, ta dube mu ta ce: "Iyayena da 'yan'uwana, ku gafarce ni, abin da na zata bai tabbata ba. Jininku bai ɓata ba, amma ban zo muku da rigakafi ba. Wanda zai iya sake ba ni hannu, ga ni." Mutum ɗari biyu da sha ɗaya ne a wurin, kuma babu wanda ya tashi bai naɗe hannun riga ba.

Wannan zagaye na biyu ne ta tafi ta bari bai kai rabi ba. Cikin jinin da ke ajiye a ɗakin bincikenta har da na mambobinmu goma sha tara da suka riga ta tafiya, kuma har zuwa rubuta wannan saƙo ba mu san wanda zai ɗora daga inda ta tsaya ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Alhaji Lawal Abba Rogo, da 'ya'yanta Hanif da Fiddausi, da ɗaukacin al'ummar Kafin Dafga. Allah Ya jiƙanta, Ya sa iliminta ya bi ta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Sa hannu:
Malam Ilu Bappa Rogo
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi